BAYE-BAYE DA YAWA, JIKI ƊAYA: DARASIN DA NA KOYO A KUJE

 Da muka komo daga koyarwar gwaji, Edita ya roƙi kowa ya rubuto abin da ya koyo a inda aka tura shi. Waɗansu za su ba ku labarin tsara darasi, waɗansu kuma na yadda a ke riƙe aji mai yara da yawa. Ni kuwa babban abin da na koyo a majami'a na koye shi, kuma da kunya na koye shi. Na ga ya kamata in mai da shi darasi, don mu yi nazarinsa tare a taron zumuntar ɗalibai. Kafin ku ci gaba, ina roƙonku ku buɗe Wasiƙar Bulus ta Fari zuwa ga Korantiyawa, ku karanta sura 12 da 13 da 14 a zama ɗaya, kada ku raba su. Dalilin haka zai bayyana nan gaba.

KUJE DA KORANTI

Ga wanda bai san wurin ba, Kuje gari ne a Yankin Birnin Tarayya, kamar kilomita 40 kudu maso yamma da tsakiyar Abuja. Ƙasar manoma ce tun asali, ta Gade da Gbagyi da Bassa da maƙwabtansu, sarkin garin kuwa Gomo a ke kiransa. A shekarar 1976 aka keɓe yankin nan don sabon babban birnin Nijeriya, a 1991 kuma gwamnati ta taso daga Ikko ta dawo Abuja. Tun daga nan baƙi suka yi ta kwarara. Ma'aikatan da kuɗin haya ya fi ƙarfinsu a cikin birni suka gangaro Kuje, 'yan kasuwa suka biyo su, daga baya kuma ga waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga ƙasar Barno. In ka tsaya a kasuwa ka kasa kunne, kafin ka gama cinikin doya ka ji harshe biyar ko shida.

Da na koma ga Littafi Mai Tsarki sai na ga ashe Koranti ma haka ta ke a zamanin Manzo Bulus. Birni ne a ƙasar Girka, a kan wani siririn wuyan ƙasa tsakanin teku biyu, yana da mashigin jirage gabas da yamma. Romawa sun rushe shi shekara 146 kafin haihuwar Almasihu, sa'an nan suka sake gina shi a shekara ta 44 kafin haihuwar, suka zuba masa baƙi. Akwai Romawa, akwai Helenawa, akwai Yahudawa, akwai bayi da 'ya'ya, masu dukiya da 'yan dako. Bulus ya zauna cikinsu shekara ɗaya da wata shida, ya kafa ekklesiya, ya wuce. Bayan 'yan shekaru, yana Afisa, sai labari ya iske shi cewa jama'ar sun rabu ƙungiya-ƙungiya. Waɗansu na cewa su na Bulus ne, waɗansu na Afolos, waɗansu na Kefas. Abin mamaki, ekklesiyar nan ba ta rasa baiwa ba. Bulus kansa ya shaida musu haka a farkon wasiƙar. Yawan baiwar ne ma ya zama musu abin gardama, kowa na auna tasa da ta ɗan'uwansa.

To, ku riƙe wannan a zuci, in ba ku labarina.

YADDA NA ZAMA TAFINTA

Wata uku na yi a Kuje, cikin damina. Ina koyar da aji biyar a wata firamare, ran Lahadi kuma ina zuwa wata ƙaramar majami'a a gefen gari. Ba zan faɗi sunanta ba, don abin da ya faru cikinta yana iya faruwa ko'ina. Jama'arta kashi biyu ne. Akwai sashen Hausa, watau manoma da tsofaffi da 'yan gudun hijira, waɗanda ke waƙa da tulu da ganga da kacau-kacau. Akwai sashen Turanci, yawancinsu ma'aikata da samari, da dama daga Kudu suka zo, ba su jin Hausa, suna da jita da lasifika da janareto. Ɗakin sujada ɗaya ne, don haka sai a bi da bi: Hausa da sassafe, Turanci da hantsi.

Ni yaron makarantar mishan ne tun daga aji ɗaya, a ƙauyenmu na kudancin Kaduna. Na tashi da Hausa a wasa da majami'a, na sha Turanci a makaranta. Ban yi mako uku ba aka gane haka, sai aka mai da ni tafinta a duk taron da ya haɗa sassan biyu. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya shiga kaina. In na tsaya a gaba na juya maganar mai wa'azi, na ga samari suna kaɗa kai, sai in ji kamar ni ne mai wa'azin. Zuciyata kuma ta karkata ga sashen Turanci, don su ne tsarana, su ne masu yabona.

Ana nan sai gardama ta tashi. Sashen Turanci suka ce su ne suka fi yawa yanzu, su ne kuma suka fi ba da baiko, don haka su ya kamata su yi sujadar sassafe. Waɗansu samari suka ƙara da cewa sujadar tsofaffi ba ta da Ruhu, tun da ba a addu'a da harsuna a cikinta. Tsofaffi kuma suka ce sujadar samari hayaniya ce kawai. Fasto ya kira taron ekklesiya duka, aka sa ni tafinta.

A taron nan wani dattijo ya miƙe, manomi ne, yana cikin waɗanda suka kafa majami'ar. Ya fara da cewa su ne suka yi tubalin ɗakin nan da hannunsu, matansu suka ɗebo ruwa, tun wurin yana daji. Sa'an nan ya sauke murya ya ce, duk da haka ba su ƙi 'ya'yansu ba. Abin da su ke roƙo kawai a bar musu safiya cikin damina, don waɗansunsu daga ƙauye su ke zuwa a ƙafa, akwai rafi a hanya, in ruwan yamma ya sauko ba ya ƙetaruwa. In rani ya yi, samari su ɗauki safiyar.

Kun ji maganar dattijo. Ga kuma abin da tafinta ya yi da ita. Na juya rabin farko da babbar murya, har na ƙara masa kaifi: na ce Baba ya ce su suka gina ɗakin nan, tun ku ba ku zo ba. Nan take wuri ya kaure. Da hayaniya ta tashi sai na yi shiru, na bar rabi na biyu ya faɗi ƙasa. Masu jin harshen biyu suka yi ta ɗaga hannu, ba mai sauraronsu. Taro ya watse ba addu'ar rufewa. Kafin Lahadi ta zagayo, waɗansu sun fara neman ajin makaranta da za su yi haya su ware.

Na gaya wa kaina cewa ban yi ƙarya ba, ai duk abin da na faɗa dattijo ya faɗa. Amma na san na ci amana.

MECE CE BAIWA?

Bari mu dakata da labari mu duba koyarwar. Kalmar da Bulus ya yi amfani da ita a Helenanci ita ce karisma, daga karis ta fito, watau alheri. Ma'anarta kyauta ce wadda ba ka yi aikin samunta ba. Hausa ta dace da wannan sarai, don baiwa abin da aka ba ka ne. Wanda aka yi wa kyautar riga ba ya raina maƙwabcinsa don bai iya saƙa ba, gama shi ma ba shi ya saƙa ba.

A wuri huɗu Sabon Alkawari ya yi maganar baye-bayen nan. A 1 Korantiyawa 12 an lissafta tara a jere: maganar hikima, maganar sani, bangaskiya, warkarwa, mu'ujizai, annabci, rarrabe ruhohi, harsuna, da fassarar harsuna. A ƙarshen surar kuma an ƙaro taimako da iya tafiyar da al'amura. A Romawa 12 an kawo bakwai, har da hidima, da koyarwa, da ƙarfafa zuciya, da bayarwa, da jinƙai. A Afisawa 4 an ambaci manzanni, da annabawa, da masu bishara, da makiyaya da malamai. A 1 Bitrus 4 kuma an dunƙule su gida biyu, magana da hidima.

Abu uku na ke so mu lura da su. Na fari, jerin nan ba su zo daidai da juna ba, kowanne da abin da ya ƙara. Wannan ya nuna ba a yi nufin ƙididdige baye-bayen duka ba, misalai ne aka bayar. Na biyu, an jera abin da ke sa mutane su riƙe baki, kamar mu'ujiza, tare da abin da ba mai kula da shi, kamar taimako da jinƙai, duka kuwa an ce daga Ruhu ɗaya su ke. Na uku, shi ne ginshiƙin darasin nan, an faɗi dalilin bayarwar: don amfanin jama'a duka. Ashe baiwa ajiya ce aka ba ka ka kai wa waɗansu. Kai ɗan aike ne. Iya harshe biyu da na ke taƙama da shi, ba don ni aka ba ni ba, don dattijon nan ne da ba ya jin Turanci, da ma'aikacin nan da ba ya jin Hausa. Ranar da na mai da shi makamin ɓangare ɗaya, na cinye saƙon da aka aike ni da shi.

Game da harsuna, waɗanda samarinmu da tsofaffinmu suka yi ta jayayya a kai, sura 14 ba ta bar kowa da abin fahariya ba. Ba ta yarda a hana ba, amma ta sa iyaka: a taro mutum biyu ko uku, bi da bi, kuma sai da mai fassara. Bulus ya ce shi kansa ya fi son 'yan kalmomi biyar da jama'a za su gane su ƙaru, da dubbai waɗanda ba mai ganewa. Ma'aunin dai ɗaya ne, ko ɗan'uwanka ya ginu.

GAƁAR DA BA A GANI

Mu koma Kuje. A majami'ar nan akwai wata tsohuwa, Bagwariya, kowa Kaka ya ke ce mata. Ba ta karatu, ba ta cikin kwamiti, Hausarta ma a karkace ta ke. Ni kaina ban taɓa yi mata magana fiye da sannu ba. Nakan gan ta dai da sassafe tana tafe da kaya a kafaɗa, kamar yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, wani yaro kurma yana biye da ita.

Lahadin da ta biyo bayan taron nan muka tarar ɗakin sujada ba shara, kujeru da ƙura, randar bakin ƙofa a bushe, yara na kukan ƙishirwa. Kowane sashe ya ɗora wa ɗaya laifi. Sai wata mata cikin 'yan gudun hijira ta ce, ai Kaka ce ba ta da lafiya. Sa'an nan ne fa muka gane abin da ba mu sani ba. Shekara da shekaru ita ke share ɗakin nan ran Asabar da yamma, ita ke cika randa. Ita ke bi gidajen gwaurayen da suka zo daga Barno da ɗan garin dawa ko saiwar doya. Yaron nan kurma ba jikanta ba ne, maraya ne na maƙwabta, ita ta dage har aka sa shi makarantar kurame da ke nan Kuje, in an yi hutu kuma ita ke kawo shi sujada. Mun yi mako biyu muna gardamar wa ya fi Ruhu, ba wanda ya ambaci sunanta.

Wannan shi ne abin da Bulus ya ke nufi da misalin jiki a sura 12. Ya nuna cuta iri biyu da ke kama ekklesiya. Ta fari raina kai ce: ƙafa ta dubi hannu ta ga ita ba kowa ba ce, ta janye. Ta biyu raina wani ce: ido ya dubi hannu ya ga zai iya rayuwa ba shi. Sa'an nan ya ce gaɓoɓin da a ke gani kamar raunana su ne ba a iya yi sai da su. Mu da muka yi darasin kiwon lafiya mun san gaskiyar wannan. Mutum yana rayuwa ba ido, yana rayuwa ba hannu, amma ba ya kwana biyu ba hanta, ga shi kuwa ba wanda ya taɓa yabon kyan hantar wani.

Ran Talata bayan an tashi makaranta na tafi gaishe ta. Zumunta a ƙafa ta ke, amma gaskiya nauyin zuciya ne ya kai ni. Da na yi sallama na shiga, sai na ga abin da ban zata ba. Ga dattijon nan zaune a bakin ƙofa, ya kawo itace. Ga kuma wata ma'aikaciyar jinya daga sashen Turanci, Inyamura, wadda a taron nan ta fi kowa ɗaga murya, ta durƙusa tana shafa wa Kaka ruwa a goshi. Sun fi sa'a guda tare, ba mai jin maganar wani, sai nuni da hannu. Yaron nan kurma ne ma ya fi su iya wannan, shi ke ta kai da kawowa tsakaninsu.

Da dattijo ya gan ni ya ce, "Yauwa, Malam, Allah ya kawo ka. Zo ka ji abin da 'yar nan ke faɗa, kada mu kashe tsohuwa da jahilci."

Na zauna na yi ta juyawa. Zazzaɓin cizon sauro ne, ta riga ta gwada jini. Ga magani, a sha safe da yamma har kwana uku, bayan an ci abinci. Ko ta ji sauƙi ran na biyu kada a daina. In ta fara amai ko ta rikice, a kai ta asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne. Ina juyawa ina lura da kowace kalma, ina maimaitawa, ina sa dattijo ya faɗa mini abin da ya ji. Sai wani tunani ya soke ni. Da zan yi wa maganar nan abin da na yi wa ta dattijo, in faɗi rabi in bar rabi, da Kaka ta mutu. To, ashe abin da na yi wa ekklesiya ke nan.

Da muka fito na durƙusa gabansa na ce, "Baba, na yi maka laifi. Ran taro ban faɗi maganarka duka ba, da gangan kuwa." Ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Na sani, ɗana. Ba na jin Turanci, amma na yi magana mai tsawo, taka ta zo gajeriya. Kai ne bakinmu, kai ne kuma kunnensu. Tashi. Amma ba ni kaɗai ka yi wa ba, sai ka faɗa a inda ka ɓata."

ƘAUNA A TSAKIYA

Yanzu kun ga abin da ya sa na ce a karanta surorin uku tare. Mun saba jin sura 13 a wurin ɗaurin aure, har muna tsammani don ango da amarya aka rubuta ta. Ba laifi a karanta musu, amma ga ekklesiya mai faɗa a kan baye-baye aka fara aika ta. Sura 12 ta ce akwai baye-baye, sura 14 ta nuna yadda za a yi aiki da su a taro, ta 13 kuwa tana tsakiya kamar igiyar da ta ɗaure tsintsiya. In ka kwance igiyar, tsinkayen suna nan, ba wanda ya ɓata, amma shara ta ƙare.

A aya 4 zuwa 7 an faɗi abu goma sha biyar game da ƙauna, bakwai da ta ke yi, takwas da ba ta yi. Masana Helenanci sun ce dukansu kalmomin aikatawa ne. Watau ƙaunar da a ke magana a kai aiki ce, ana ganinta a hannu da ƙafa. Ku dubi takwas ɗin da ba ta yi, za ku ga hoton Korantiyawa ne: kishi, da fahariya, da kumbura, da neman na kai. Ni ma da na duba na ga hotona. Na iya harshe biyu, amma a ran taron nan ban fi fankon gwangwani da yaro ke bugawa ba.

Akwai kuma misali a Ayyukan Manzanni sura 6 da ya yi kama da namu ƙwarai. A ekklesiyar farko ta Urushalima, masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci. Gardamar harshe ce da ta ciki. Manzanni ba su ce a yi shiru ba, ba su kuma ce kowa ya kama gabansa ba. Suka sa aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin, in kuwa kun duba sunayensu, su Istifanas da Filibus, duka na Helenanci ne. Ga alama masu rinjaye ne suka danƙa rabon a hannun waɗanda suka yi kuka. Sharaɗin da aka sa wa masu rabon tuwo kuwa shi ne su zama cike da Ruhu da hikima.

ABIN DA MAGABATA SUKA BARI

Kada mu zaci mu ne farkon masu wannan wahala a ƙasar nan. Mishan dabam-dabam ne suka kawo bishara Arewa. Mutanen SIM na fari, su Bingham da Gowans da Kent, sun sauka Ikko a 1893, biyu daga cikinsu suka mutu a shekara ta gaba. Daga baya mishan ɗin ta kafu a Patigi a 1902, ta kuma iso ƙasar Gbagyi. Mutanen SUM suka fara a Wase a 1904, Likita Miller na CMS yana Zariya, 'Yan'uwa kuma suka zauna Garkiɗa a 1923. Ba bakinsu ɗaya ba a kan baftisma da tsarin mulkin ekklesiya. Sun taru a Lakwaja a 1910 don su daidaita aiki, an kuma yi ta shawarar kafa ekklesiya guda ɗaya, amma ba ta tabbata ba. ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, ekklesiyoyin da suka haɗu cikin TEKAS, wadda yanzu a ke kira TEKAN, suka yi tasu tarayya a 1955.

Duk da haka akwai abin da suka yi tare wanda ba mishan guda da za ta iya ita kaɗai. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 aikin hannu da yawa ne, har da Likita Miller na CMS da Likita Stirrett na SIM, da malamai 'yan ƙasa da suka taimake su. A shekarun 1960 kuma aikin Sabon Rai Don Kowa ya haɗa ekklesiyoyi masu yawa a bishara ɗaya. Sun kasa zama ƙarƙashin suna ɗaya, amma da suka sa baye-bayensu a aiki ɗaya, sun bar mana abin da mu ke ci har yau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda yaron nan kurma kuma na tuna da Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, wanda ya kurmance yana yaro. Shi ne ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, da wata a Ibadan a 1960, ya ci gaba da buɗe waɗansu a ƙasashen Afirka har ya rasu a 1987. Mutumin da waɗansu za su ce ba shi da abin bayarwa, shi Allah ya ba abin da masu kunne ba su da shi.

YADDA AKA ƘARE

Ran Lahadi na roƙi Fasto izini, na tsaya gaban sassan biyu na faɗi abin da na yi, da Hausa da Turanci. Sa'an nan dattijo ya maimaita maganarsa, na juya ta jimla-jimla, aka sa wani ya tsaya kusa da ni yana duba fassarata. Wannan ya yi mini zafi, amma daidai ne. Aka shirya cewa sashen Hausa su riƙe safiya cikin damina, na Turanci cikin rani, Lahadin farko ta kowane wata kuma a yi sujada ɗaya da Jibin Ubangiji tare, a buga tulu a buga jita. Aka raba sharar Asabar da cika randa tsakanin samari.

Ba zan ce muku kome ya gyaru ba. Gida uku sun riga sun tafi, har na baro Kuje ba su komo ba, ina kuwa da hannu a tafiyarsu. Sujadar haɗin tana da tsawo, akwai masu gunaguni. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Kaka dai ta warke, ta kuma ƙi sakin tsintsiyarta, sai dai yanzu ba ita kaɗai ba ce.

GA MU MALAMAI

'Yan'uwa, ba da daɗewa ba za a watsa mu ƙauyuka da garuruwa. A wurare da yawa malamin makaranta shi ne zai zama magatakardan ekklesiya, shi ne tafinta, shi ne mai karanta wa mutane takarda. Za a ba mu girma tun ba mu yi furfura ba. Sai mu yi hankali, gama wanda ke tsakanin mutum biyu yana iya zama gada, yana kuma iya zama tsagar bangon da ƙadangare ke shiga.

A aji ma haka ne. Muna saurin ganin yaron da ke ɗaga hannu, mu manta da yarinyar da ke raba faɗa a filin wasa, ko yaron da ke raka mai rauni gida. Tun abin nan ya faru nakan tambayi kaina game da kowane yaro, Kirista ko Musulmi: me Allah ya ba wannan wanda ajin nan ke bukata?

Ga tambayoyi huɗu don tattaunawa a taronmu:

1. Wace baiwa ka ke gani an ba ka, wa kuma ya amfana da ita a watan da ya wuce?
2. A ekklesiyarku, wane ne in ya kwanta ciwo za a ga giɓi, alhali ba a taɓa gode masa ba?
3. Cikin abu takwas da ƙauna ba ta yi, wanne ya fi kama ka?
4. In sassa biyu na ekklesiya suka saɓa, me Ayyukan Manzanni sura 6 ta koya wa sashen da ya fi ƙarfi?

Ina roƙonku ku sa ekklesiyar nan ta Kuje cikin addu'a, musamman gidajen nan uku. Ni ma ku tuna da ni, don in hutu ya zo ina da niyyar komawa in bi su gida-gida. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ya danƙa mana. Amin.